Kebul ɗin da ke tsakanin saba biyu

'Yan uwa ɗalibai, lokacin rajista maganarmu ɗaya ce: "netwok babu kyau." Aikin digirina na biyu a ATBU, nan Yelwa, ya nuna min akwai wani netwok ɗin da ba ma gani, kuma shi ya fi ba ni tsoro.

Idan ana so ma'adanar bayanai ta ci gaba da aiki ko da na'ura ɗaya ta mutu, sai a haɗa saba biyu ko uku su riƙe bayanai ɗaya. Tsakaninsu akwai kebul na musamman da suke gaisawa ta cikinsa kowace daƙiƙa: "kina nan?" "Ina nan." A tsarin Oracle RAC, idan aka yi daƙiƙa 30 ba amsa, sai a kori guda daga rukunin.

Me ya sa har da kora? Idan kebul ɗin ya yanke alhali duka biyun suna raye, kowace za ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, ta ci gaba da rubutu ita kaɗai. Kuɗin makarantarka ya shiga a wannan, a waccan kuma kana bashi. Jarabawa ta zo, wa za ka kama?

Kada ku ce matsalar talaka ce. A Oktoba 2018, yankewar daƙiƙa 43 tsakanin cibiyoyin GitHub a Amurka ta jawo masa matsala ta sama da awa 24, saboda ɓangarori biyu sun rubuta bayanai daban-daban.

To balle mu, da ƙurar hunturu, da ɓeraye masu cin waya, da wutar da ke ɗaukewa ba sallama. Saba biyu a kan suwic ɗaya, a soket ɗaya, wallahi saba ɗaya ce da tsadar biyu. Ka ba kowace katin netwok biyu, suwic biyu, kowane da batirinsa, ka raba hanyar gaisuwarsu da ta masu shiga fotal. Sannan ka ƙara ta uku mai raba gardama, don ɓangaren da ke da rinjaye kaɗai ya yi rubutu.

Masu furojet a wannan fanni, kafin ranar difens ku zare kebul ɗin da hannunku ku ga abin da zai faru. Gara ya faɗi a gabanku da a gaban malamai. Allah Ya ba mu sa'a.