Murar da Na Kawo Gida

A gidanmu da ke Samaru, idan hunturu ya shigo, ba rigunan sanyi kaɗai Umma ke fitowa da su ba, har da ma'aunin zafin jiki. Saboda ƙanwata ne, mai ciwon sikila.

Bara ni na kawo mata mura daga makaranta. Na kwasa wajen abokin zamana a aji, na yi kwana uku ina zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, na warware. Ita kuwa a dare na biyu jikinta ya ɗau zafi rau, numfashi yana yi mata wuya. Na ce a ba ta ragowar maganin da aka sayo mini a Sabon Gari, zuwa safe a gani. Baba ko kallona bai yi ba. Ya duba ma'auni ya ga 39, ya ce Umma ta ɗauko hijabinta. Wajen ƙarfe ɗaya muka isa asibitin koyarwa na Shika.

A can wata likita ta yi mini bayanin saifa. Tana gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini da kama ƙwayoyin cuta. A jikin mai sikila, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje suna toshe hanyoyin jininta har ta daina aiki, sau da yawa tun yaro yana ƙarami. Mura mai zafi takan raunana huhu, sai ƙwayoyin da ke kawo nimoniya su samu ƙofa, ga shi babu mai gadi. Cikin awanni kaɗan sukan bazu a jini. Haka abin yake ga wanda aka cire wa saifa bayan hatsarin mota. Shi ya sa da zafin jiki ya kai 38, asibiti ake nufa, ko da tsakar dare ne.

Kwana shida ta yi a kwance.

Malamanmu, don Allah, idan ɗalibi mai sikila ya ce jikinsa da zafi, kada a ce ya jira a tashi, a kira gida nan take. Mu ɗalibai kuma, hankici nawa yake?

Bana da mura ta sake kama ni, na tattara na koma ɗakin zaure da kofina da cokalina. Kullum da yamma sai ta leƙo ta taga tana yi mini gwalo.