Ranar da ƙwallo ta ƙi shiga raga a Jiratawa

Wanda ya taso daga Katsina ta Jibiya, ya ƙetare iyaka ya wuce Ɗan Isa, kafin ya shiga Maraɗi zai ga ƙasa ta yi kore shar a gefen gulbi. Jiratawa ke nan. Lambuna ne iya ganinka, zogale layi-layi, ga albasa da tumatir, ruwa na bin magudanan siminti komai tsananin rani. Zogalen na je saye, amma mai masaukina ya ce babu ciniki sai an tashi daga fili, domin ɗaliban garin na da wasa.

Yaran sun iya taɓa leda, wannan ba gardama. A kan rairayi suke bugawa, amma ƙwallo na tafiya ƙafa zuwa ƙafa tun daga baya har tsakiya. A bakin raga ne ake yin ta. Ɗan gabansu, wani dogo da aka rubuta wa lamba tara da fenti a bayan riga, ya samu ƙwallo daga shi sai gola, sai ya tsaya gyara ta zuwa ƙafar dama har aka cim masa. Aka tashi babu ci, kuma an ce ba yau farau ba.

A wajenmu na san abin da ke biyo baya: jifa da ledar ruwa, da ihun "ba ma yi". A nan kuwa kocin, wanda malamin motsa jiki ne, da ƙafarsa ya tako fadar samari, aka miƙa masa kofin shayi na farko mai ɗaci, sannan aka buɗe masa wuta. Wani matashi ya ce, "Malam, Allah ya huci zuciyarka, yaran nan riƙe ƙwallo ka koya musu ko zura ta? In abin ya fi ƙarfinka a nemo wani daga birni."

Wani dattijo mai lambu, da rediyo rataye a kafaɗa, ya ce, "Yaro, ka manta da Haruna Dula?" Daga nan hira ta koma kan Mena, ƙungiyar ƙasar. Dula ne ya fara kai Nijar gasar cin kofin Afirka, a 2012, bayan doke Masar da ci ɗaya a Yamai da ƙwallon Musa Ma'azu, aka bar 'yan Afirka ta Kudu suna rawa a fili suna zaton su suka haye. Hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2011. Duk da haka aka ɗauko masa Bafaranshe, Rolland Courbis, wai mai ba da shawara, kuma da Gabon ta zura musu biyu a wasan farko sai ragama ta fara suɓuce masa. Ƙwallo ɗaya tak Nijar ta ci a gasar, a ragar Tunisiya. A 2013 Bajamushe Gernot Rohr, wanda mu ma muka ɗanɗana daga baya, ya koma da su, suka dawo ko ɗaya ba su ci ba.

Matashin bai saduda ba. "Gaskiyarka, Baba, amma ai Dula ma wasanni uku ya buga a waje wajen neman gurbi, bai ci ko ƙwallo ɗaya ba." Haka ne kuwa. Wannan ya fi komai burge ni: kowa da hujjarsa a ka, babu mai laluben waya, kuma wanda ake tuhuma na zaune a tsakiya yana saurare.

Da aka ba malamin dama, cewa ya yi ƙwallon atisaye guda ce, in ta fashe sai an jira mai faci, to da me yaro zai koyi buga raga? Nan take aka zagaya da hula, masu lambu suka haɗa kuɗin ƙarin ƙwallo. Ba wanke shi aka yi ba, matashin ma ya ce za su gani a wasa na gaba.

Masu jifan koci a filayenmu, in hanya ta kai ku Maraɗi, ku ratse Jiratawa ranar wasa, ku zauna har a gama shayi na uku.