Godiya ga Waɗanda Suka Ɗauki Jinkar Nan Tare da Mu

Jama'ar Kibiya da Rano, yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na ɗauko alƙalami bayan Allah ya tashi kafaɗun uwargidana.

Shekara biyu muna fama. Tana sunkuyawa shara ko ta ɗago bokiti daga rijiya, sai kanta ya sara, gabanta ya riƙa dukan uku-uku, gumi ya jiƙe zaninta ko da sanyin hunturu. Kafin a tafasa shayi ta miƙe garau. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Mun sha rubutu, mun yi turare, mun haɗiyi ƙwayar hawan jini kala-kala.

Godiyata ta farko ga wani matashin likita a Rano. Abin ya taso mata a gabansa, ya auna jininta ya ga ya yi mummunan hawa, ya ce mu zauna a benci. Bayan rabin awa ya sake aunawa, ya tarar ya sauka. Ya ce, "Baba, wannan ba irin hawan jinin da muka saba gani ba ne." Ya rubuta mana takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

A can aka ba mu jarka ta tara fitsarin awa 24, aka ɗauki hoton cikinta, sannan aka zana mana a takarda: kowace ƙoda tana da 'yar hula a kanta, ana ce mata adirinal, ita ke sakin sinadarin da ke zaburar da mutum idan ya firgita. Ƙari ne ya fito a ta hagu, yana tsiyayo sinadarin ba dalili, lanƙwasa jiki kuma matse shi take. Sunansa fiyokuromosaitoma. Na daina ganin wautarmu da na ji cewa Shugaban Amurka Eisenhower ma sai bayan rasuwarsa a 1969 aka gano shi a jikinsa.

Na gode wa likitocin da suka hana mu gaggawa. Sai da ta yi mako biyu kan maganin da ke sassauta jijiyoyin jini kafin a yi mata aiki, domin taɓa ƙarin ba shiri na iya halaka mutum. Matar da aka hana gishiri shekara biyu, sai ga malamar jinya tana cewa, "Hajiya, a ƙara gishiri, a sha ruwa." Ranar ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Ga matan adashi da suka bar mata kwasarsu, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ga jama'ar masallacinmu. Ga ƙanena da ya sayar da buhunan gyaɗarsa. Ga samarin da suka ba da jini. Ga direban da ya riƙa bi da mu ta Bunkure da asuba, bai karɓi ko na mai ba: Allah ya saka da mafificin alheri.

Yanzu gwaji take zuwa shekara-shekara, domin ƙarin yana iya dawowa. Kusan ɗaya cikin uku na masu shi gado suke yi, don haka surukaina, ina roƙonku ku je a duba ku. Jiya na iske ta sunkuye tana sharar tsakar gida. Na tsaya a zaure ina jira, har ta gama ta jingine tsintsiya.