Gardamar shekara a fadar tela

A unguwar Bukoki ta birnin Yamai akwai wani shagon ɗinki wanda ƙofarsa ke zama fada da zarar an idar da sallar isha'i. Benci biyu ne da tabarma ɗaya, sai murhun gawayi da ƴar butar shayi wadda hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Mazauna wurin ba su cika canzawa ba. Akwai telan da ke da shagon, wanda furfura ta fara yi wa sallama. Akwai wani malamin tarihi na makarantar lise, wanda kowa ke kira Mushe. Sai ɗan yayar telan, ɗalibi a Jami'ar Abdu Mumuni, wanda dafa shayi ya faɗo a kansa domin shi ne ƙarami. An yi gardamar kokowa a wurin, an yi ta ƙwallo, an yi ta tsadar shinkafa, duk sun zo sun wuce. Guda ɗaya ce ta ƙi mutuwa: a cikin shekarun da ƙungiyar makaɗan Tal National ta yi tana kiɗa, wace shekara ce ta fi ƙarfi, kuma wace waƙa ce ta fi sauran?

Wanda bai san ƙungiyar ba yana bukatar ɗan bayani. An kafa ta a Yamai a shekarar 2000, ƙarƙashin jagorancin makaɗin gita Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, mutumin da ya buga ƙwallon ƙafa, ya kuma yi aiki a kotu. Makaɗanta da mawaƙanta sun fito daga al'ummomin ƙasar dabam-dabam, Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa, kuma kowa ya shigo da kiɗan gidansu ya zuba a tukunya guda. Ta fitar da faifai 5: Apokte a 2006, A-Na Waya a 2008, Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, sai Tantabara a 2018. Ukun ƙarshe kamfanin FatCat na ƙasar Ingila ne ya yaɗa su a duniya. A kan waɗannan shekaru biyar ake kai ruwa rana.

Mushe shi ne mai hujja a rubuce, kamar yadda aikinsa ya koya masa. A wurinsa babu shekarar da ta kama ƙafar 2013. Yakan ɗaga yatsa kamar yana gaban allo ya ce: a wannan shekarar ce Kaani ya ƙetare teku, jaridun Amurka da na Ingila suka yabe shi, ƙungiyar kuma ta shiga yawon wasa a ƙasashen waje. Kafin nan, in ji shi, idan aka ce kiɗan gita na Nijar a waje, hankalin mutane Agadas yake tafiya, wajen su Bombino. Kaani ne ya nuna cewa babban birni ma yana da nasa sauti, mai kalangu da ganguna da saurin da ke sa ƙafa motsi ko mai ita bai shirya ba. Waƙarsa a faifan ita ce Wongharey, kuma idan aka matsa masa ya ƙara da Sarkin Fada, yana mai cewa ko don sunanta ya kamata ƴan fada su ba ta girmanta.

Telan ba ya katse shi. Yakan bari sai ya kai aya, sannan ya ajiye almakashi.

"Mushe, ka gama? To, faɗa mini, yaushe aka ɗauki Kaani?"

"A farkon 2011, a nan Yamai."

"Madalla. Ke nan abin da ka kira ƙarfin 2013, ƙarfin 2011 ne da ya yi shekara biyu a hanya. Ranar da Bature ya ji abu kake lissafawa, ka bar ranar da aka yi shi."

Wannan magana takan sa Mushe gyara zama, domin ta taɓa shi a inda yake taƙama. Shi da kansa yake koya wa ɗalibai cewa kogin Kwara yana gudu tun kafin Mungo Park ya gan shi a 1796. Ga shi yau tela ya kama shi da irin laifin da yake hana yara.

Shekarar telan ita ce 2008. A lokacin ne Almeida ya gayyato wani mai ɗaukar sauti daga birnin Shikago, Jamie Carter, suka yi A-Na Waya, kuma shi ne ya ci gaba da aiki da su a faya-fayan da suka biyo baya. A wancan zamani ƙungiyar da kanta take sayar da faifanta, a shatale-talen birni da wuraren wasa, domin babu wani kamfani da zai raba mata shi. Telan ya sayi nasa daga hannu zuwa hannu, kuma yana nan a aljihun keken ɗinkinsa, cikin leda. Hujjarsa ita ce a waccan shekara mutanen Yamai kaɗai ne alƙalai. Babu jaridar waje da ta ce musu abin yana da kyau. Kunnensu ne ya faɗa musu, suka sa hannu a aljihu.

Shi kuwa ɗalibin, sai ya zagaya da shayin farko sannan yake sa baki, kuma da ladabi yake farawa.

"Kawu, Mushe, ku gafarce ni, amma ku duka baya kuke kallo. Ku saurari Tantabara."

A ganinsa 2018 ce shekarar da ƙungiyar ta kai ƙarshen ƙarfinta: kiɗan ya ƙara sauri, gita biyu suna bin juna kamar masu tsere, mai ganga ba ya barin kowa ya huta. Waƙarsa ita ce Entente, sai Akokas a bayanta. Shi ne kuma ya kawo wa fadar labarin wani salon kiɗa da ake kira punk, wanda ya tashi a biranen Niyok da Landan a tsakiyar shekarun 1970, da ƙungiyoyi irin su Ramones da Sex Pistols da The Clash. Kiɗa ne na matasa masu fushi, gajere, mai sauri, wanda da yawa daga masu yin sa ba su jira manyan kamfanoni ba, suka buga fayafayansu da kansu. Har gobe, in ji shi, masoyan wannan kiɗa suna irin wannan gardama, wasu su ce 1977 ce shekarar, wasu su ce abin da ya biyo baya ya fi nuna. Idan haka ne, ai Tal National ƴan'uwansu ne: ga sauri, ga dogaro da kai.

Mushe ya yarda da rabin maganar. Dogaro da kai, e, akwai shi. Amma saurin, in ji shi, ba daga fushi ya fito ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin biki ya ga yadda mai kalangu ke ƙara wuta idan mata suka shiga fage, ya san inda aka samo shi. Kuma waƙar punk minti biyu ce ko uku, alhali waɗannan mutane sukan kwashe awa biyar suna kiɗa a dare guda, dare biyar a mako, har sukan rabu gida biyu domin su yi wasa a wuri biyu lokaci ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ko da an rataya masa gita mai lantarki.

Haka aka yi ta yi, dare bayan dare, har wani daren da aka ɗauke wuta, fankar shagon ta tsaya, kowa ya jawo bencinsa bakin titi. Yayar telan, mahaifiyar ɗalibin, wadda ke tuyar ƙosai a gefen shagon, ta daɗe tana jin su ba ta tanka ba. A daren nan ta kwashe kaskonta, ta goge hannu, ta matso.

"Ku dai ba ku gajiya. Wannan ya ce faifai kaza, wancan ya ce faifai kaza. A cikinku wa ya taɓa yin rawa har takalminsa ya tsinke? Ni na san darare, ban san faifai ba. Waƙar da kuke ji minti shida a waya, a fili sai ta yi rabin awa, mawaƙi na kiran sunayen mutane, ana liƙi, mai ganga na canza hannu. Wannan wa ya ɗauka? Yana cikin wane faifai?"

Babu wanda ya amsa. Sai ta juya ga ƙanenta, ta sassauta murya.

"Kai kuma, ka faɗa musu gaskiya. Ba faifan kake karewa ba."

Telan ya sunkuyar da kai. Duk fadar ta san cewa a 2008 ya yi aure, kuma ta san cewa matar ta rasu shekaru kaɗan bayan haka. Abin da ba a sani ba shi ne ita ce ta aike shi ya sayo faifan, kuma da shi take aikin gida. Ya tashi ya ɗauko ledar daga aljihun keke, ya miƙa wa ɗalibin. Da aka haska fitilar waya sai ga bayan faifan duk ya kakkarce. Ya ce ya fi shekara biyar rabon da ya yi kiɗa. Da an saka shi sai ya yi ta tsalle a wuri ɗaya. Ɗalibin ya shiga intanet nan take. Kaani da Zoy Zoy da Tantabara suka fito masa cikin ƙiftawar ido, da hotunansu da jerin waƙoƙinsu. Ya daɗe yana neman abin da kawunsa ke so, har shayi na uku ya huce.

Daga wannan dare gardamar ta canza kama. Mushe ya amsa cewa 2013 ita ce shekarar da aka dawo da shi Yamai bayan ya daɗe yana koyarwa a ƙauye, kuma Kaani ne ya tarbe shi a tasha da cikin taksi. Ɗalibin ya ce a 2018 ya samu wayarsa ta farko, kuma Tantabara na cikin abin da aka fara tura masa. Ashe kowannensu shekarar da kunnensa ya buɗe yake kira shekarar ƙungiya. Wannan ba aibi ba ne. Haka ƙauna take lissafi. Amma akwai abin da ya rage bayan an cire son rai, kuma shi ne ya kamata ya dami malamai da ƙungiyoyin al'adu. Abin da ya bi ta hannun kamfanin waje ya samu ma'aji, kowa na iya jin sa ko'ina. Abin da aka yi a gida domin mutanen gida, faifan shatale-tale da dararen awa biyar, yana zaune ne a cikin leda da cikin ƙwaƙwalwar masu tuyar ƙosai. Idan aka bar shi haka, nan da shekara ashirin duk mai son rubuta tarihin kiɗan Yamai zai fara ne daga 2013, domin nan ne takarda ta fara, kuma zai ɗauka gaskiya ya faɗa.

Birnin bai rasa wuraren da suka san wannan aiki ba. Akwai cibiyar CELHTO da ta daɗe tana tattara adabin baka, akwai cibiyar horar da makaɗa mai sunan Elhaji Taya. Sai dai an saba ɗaukar cewa abin adanawa shi ne na tsofaffi, kirarin sarakuna da tatsuniya, kiɗan gita kuwa na yara ne, yana nan ba inda za shi. Alhali yaran 2008 su ne masu furfurar yau. Malamin da ya aiki ɗalibansa su tambayi iyayensu mata wace waƙa aka yi rawarta a bikinsu, a wace unguwa, wace shekara, ya koya musu tarihi da Hausa a darasi guda, kuma ya ceto abin da babu shi a littafi.

Mushe ya fara da ajinsa. Ɗalibin ya karɓi faifan ya kai wa wani mai gyaran kwamfuta a kasuwa, wanda ya yi nasarar kwafo waƙa uku daga ciki, sauran suka gagara. Daren da aka saka su a fada, telan bai ce uffan ba har suka ƙare. Da aka zuba shayi ya kurɓa, ya dubi abokinsa.

"Mushe, ka ji da kunnenka. Yanzu kuma sai ka sake ce mini 2013."

Mushe ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa, aka koma farko.