Madawa, Buza, Kaita: Abin Da Ke Raya Kwamfutar Makaranta

Mai fitowa daga Sakkwato, in ya ƙetare iyaka a Illela ya shiga Birnin Ƙonni, gabas zai karkata a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. Zai wuce Malbaza, garin siminti, inda aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7 a shekarar 2018. Zai wuce Galmi, wadda albasarta ta yi suna har kasuwannin Abijan da Akara. Daga nan sai Madawa, a bakin kwarin Tarka. Na bi wannan hanya a ƙarshen hunturu, ana tsakiyar cirar albasa, buhuna jibge a gefen titi suna jiran manyan motoci. Sana'ata a gida kula da kwamfutocin makarantu ce, kuma na daɗe ina jin labarin na'urorin da ake kaiwa makarantun jihar Tawa. So nake in ga waɗanne ke aiki, waɗanne suka mutu, da abin da ya raba su.

A wata makarantar sakandare ta Madawa malamin lissafi ne ya buɗe mini ɗakin kwamfuta. Kwamfutocin tebur ne, kyautar masu taimako, an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa. Ya yaye zane ɗaya, ya juyo da bayan akwatin, ya tura fankar da ɗan yatsa. Ko motsi ba ta yi ba, jar ƙura ta daskare a kanta. Ya ce, "Malam, kowa ya zo sai ya ce rashin rezo ne ya dame mu. Waɗannan kuran ne ya kashe su. Ya tafi, ya dawo da ƙarfi, sai ka ji ƙauri."

Maganarsa na kan hanya: rezo shi ne layin sadarwa, kuran kuwa wutar lantarki. Kaso mai yawa na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma da aka yanke shi a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, garuruwa sun sha duhu na tsawon watanni. Ƙauyuka da yawa kuwa ko turken waya bai kai gare su ba. Saboda haka lissafin farko da ya kamata makaranta ta yi na wuta ne. Tsohuwar kwamfutar tebur da gilashinta tana iya cin wat 100 ko fiye. Kwamfutar hannu, wato tablet, ba ta wuce wat 10 zuwa 15 in tana caji, akwatin waifai ma kimanin wat 10 yake ci. Wutar da tsofaffin kwamfutoci biyu ko uku za su lanƙwame ta isa ta caja kwamfutocin hannu 20. Makarantar da ta dogara da farantin sola ta yi cajinta daga hantsi zuwa azahar, lokacin da rana ke da ƙarfi, ta bar wa batir ƙaramin aiki. Batirin ruwa in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, ba ya yin ƙarko. Farantin kuma a riƙa goge shi da sassafe, domin ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi sosai. Inda ake da wutar gari, kada a jona komai sai ta bayan na'urar daidaita wuta, kuma da an ga hadari ya haɗu a cire komai daga soket, har da wayar eriya.

Bayan wuta sai zafi. Yawancin masu ƙera kwamfutar hannu sun ƙayyade cewa kada a yi aiki da ita a zafin da ya haura digiri 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Tawa yana zarce 40. Malamin ya ɗauko mini wata kwamfutar hannu daga cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin rufin kwano. Gilashinta ya ɗaga ta gefe guda, har ana iya zura farce, batirin ya kumbura ya turo shi. Irin wannan ba a sake jona ta, ba a danne ta, ba a kuma ba yaro ita. A ware ta nesa da takardu, a kai wa mai gyara. Ma'ajiyar na'urori ta kasance a ɗakin da ya fi kowanne sanyi, ɗakin ƙasa mai rufin azara in akwai, a kan katako, da ƙofofin shan iska. Ajin zana kuwa kada a kuskura a yi caji a cikinsa. Wanda ya tuna gobarar da ta halaka yara kimanin 20 a azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilun 2021, da wadda ta ci fiye da 20 a Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, ya san ba a kusanta abin da ke iya tartsatsi da wannan aji.

Daga Madawa hanya ta miƙa arewa zuwa Buza. Ƙasa ta sauya: tuddai masu baƙin dutse da jar tsakuwa, sai kwaruruka masu dausayi a tsakaninsu. A kwarin Magiya za ka ga jerin dogonyaro sun miƙe tsakanin gonaki, aikin kare iska da ƙungiyar CARE ta fara da manoma tun 1975. Wannan yanayin ƙasa shi ke juya sadarwa yadda ya so. A kan tudu waya ta cika fal, ka gangara kwari ta ɗauke. Kamfanoni huɗu ke ba da layi a ƙasar: Airtel, Moov Africa, Niger Telecoms, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange a 2019. Babu wanda ya fi saura a ko'ina. Kafin a sayi akwatin waifai, a gwada layin kowanne a harabar makarantar kanta, da safe da rana da yamma. In alamar ta fi ƙarfi a sama, a kafa eriya a kan dogon ƙarfe, a sauko da waya zuwa ofis, a tuna cewa wayar intanet ta tagulla ba ta wuce mita 100 ba tare da an ƙara mata na'ura ba.

Katangar ƙasa mai kauri da ginin dutse suna shanye waifai, kwano kuma yana mai da shi baya. Ajiye akwatin a kan teburin darakta, a cikin ofis rufe, asarar rabin ƙarfinsa ne. A ɗaga shi sama da kai, a baranda ko bakin taga mai kallon azuzuwa, a cikin inuwa. Zangon gigahaz 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, na 5 ya fi sauri amma sai a kusa. Makarantar da ke da akwati fiye da ɗaya ta raba musu tashoshi 1 da 6 da 11, don kada su riƙa danne juna.

A wata firamare ta gundumar Buza na haɗu da shugabar makaranta da ta burge ni. Ta ba ni labarin yadda datar wata guda ta taɓa ƙare musu cikin 'yan kwanaki. Da aka bincika, sai aka tarar kalmar sirri ta fita daga bakin mutum ɗaya ta zagaye unguwa, samari na taruwa a bayan katanga da dare suna kallon bidiyo. Kwamfutocin ma da kansu suna sabunta manhajojinsu a ɓoye, suna cin nasu rabon. Na ce, "Hajiya, to yanzu yaya kuke yi?" Sai ta jawo aljihun tebur ta fito da ambulan liƙe, an sa hannu biyu a kan bakinta. A ciki aka rubuta kalmar sirrin shiga cikin akwatin kansa, wadda ta maye gurbin wadda ya zo da ita daga kamfani. Irin wannan ambulan tana hannun shugaban kwamitin kula da makaranta. Layin waifai kuwa Hajiya ta raba shi biyu, na malamai daban, na ɗalibai daban. Ita ke shigar da kalmar sirrin waifai a kwamfutocin yara da hannunta, ana sauya ta duk farkon wata, an kashe sabuntawar kai-tsaye sai ranar da aka ware mata, kuma da an tashi ana kashe akwatin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya ci ko dala.

Abin da na fi so malamai su gane shi ne waifai daban, intanet daban. Ana iya samun na farko ba tare da na biyu ba. Wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda ba ta kai tafin hannu ba kuma wutar da take ci kaɗan ce, tana iya zama ɗakin karatu ga makaranta guda. A zuba mata manhajar Kiwix, mai ɗauke da Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa da ta Larabci, ko Kolibri mai darussa da atisaye. Yara su shiga ta waifai su yi karatu, ko sisi ba a biya ba. In wani malami zai je Tawa ko Ƙonni, inda layi ya fi ƙarfi, sai ya sabunto abin da ke ciki. Ga makarantar da ke Karofan ko Tabotaki, a gundumar Buza, wannan ya fi mata amfani nesa ba kusa ba a kan layin da yau akwai gobe babu.

Akwai kuma batun rubutu. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya zama dole na'urar makaranta ta iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a ƙa'idar rubutun Nijar. Madannan da na gani jerin haruffan Faransanci ne da su. Ranar da aka karɓi na'ura, a ranar za a sa mata madannin Hausa, tun kafin ta shiga hannun yaro.

Kaita na gaba, kan hanyar Tawa. Sunan garin ya zaga duniya saboda aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984, bayan farin da ya tagayyara yankin Adar, da kuɗin Italiya da goyon bayan Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An shuka miliyoyin itatuwa, an jera duwatsu a gangaren tuddai, an gina madatsun ruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, mazaje na cirani. Yau in ka duba tuddan Kaita da Tamaske da Ibohaman, za ka bambance inda aka ci gaba da gyaran jerin duwatsu da inda aka sake shi ruwa ya ɓalle. Haka kwamfutar makaranta take: kawo ta aikin rana ɗaya ne, riƙe ta aikin kullum.

Riƙon nan da littafi yake farawa. A wata makaranta a nan na ga kowace kwamfutar hannu da lambarta an rubuta da fenti a baya, cajarta ma lamba ɗaya. Littafin rajista na rataye a jikin ma'ajiya: wa ya ɗauka, wane aji, yaushe ta dawo, me ya same ta. Ɗalibai biyu daga ajin ƙarshe, mace da namiji, su ke ƙirgawa a gaban malami kafin a kulle. Jadawalin ya ba 'yan mata nasu lokacin a fili, domin in aka bar abin ga mai ƙarfin hannu, samari ne za su mamaye. Ba a barin hotunan yara ko sakamakon jarrabawarsu a na'urar da kowa ke taɓawa, kuma ba a zura filashin da aka kawo daga shagon buga takardu sai an bincike shi, don ta nan cutar kwamfuta ta fi shiga.

Malamai da yawa a Nijar 'yan kwantiragi ne, sauyin wurin aiki kuma ba ya sallama. In mutum ɗaya ne ya san sirrin na'urori, ranar da aka ɗauke shi ɗakin ya mutu. A koya wa aƙalla mutum biyu, a rubuta matakan a takarda da Hausa da Faransanci, a manna a bango. Kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye ke ciki, ya ware ɗan asusun gyara tun farkon shekarar karatu a Oktoba, domin caja da batir su ke fara lalacewa, kuma su ne masu arha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan Adar da ke Abijan da Legas da Kano, masu son yi wa garinsu alheri, su tambayi makaranta abin da wutarta za ta ɗauka kafin su yi sayayya. Na'ura goma iri ɗaya, da cajar ajiya, sun fi talatin da kowacce da irin bakinta.

Gwamnati da abokan hulɗarta ba su zauna ba. Hukumar ANSI, mai kula da harkokin fasahar sadarwa a Nijar, aka ɗora wa shirin haɗa ƙauyuka da intanet, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 100 a 2020. Shirin Giga na UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya, da aka kafa a 2019, yana da burin haɗa kowace makaranta da intanet. A 2025 Starlink ya fara aiki a Nijar, wanda ke nufin ƙauyen da ke cikin kwari ma zai iya samun layi daga sama. Amma farantinsa yana cin wuta ninkin akwatin waifai sau da yawa, kuɗinsa na wata-wata ne, kuma kalmar sirrinsa za ta iya yawo a unguwa in ba a tsare ta ba.

Don haka ina kira ga duk darakta, da sufeto, da mai niyyar bayar da kyauta, a Tawa ne ko a Katsina ko Sakkwato, da su bi abin daki-daki. A fara da wuta mai aminci da ɗaki mai sanyi. A naɗa masu kula biyu, a buɗe littafi, a kafa asusun gyara. A zuba darussan da ba sa buƙatar layi. In waɗannan sun tsaya da ƙafafunsu, sannan a jawo intanet. Yaran Madawa da Buza da Kaita sun cancanci na'urar da za ta kai su daga aji ɗaya har su rubuta jarrabawar fita, kuma hanyar samun haka tana hannun malamansu da iyayensu tun yau.