Ranar da waya ta kunyata ni

A gidanmu da ke Daura, duk abin da ya shafi waya ni ake kira, tunda ni ne mai karatun kwamfuta a poli. Da Inna za ta dawo daga aikin Hajji bara, wani ɗan tawagarsu ya turo hoton jirginsu daga Jidda, lambar jikinsa ta fito ɓaro-ɓaro. Na zuba ta a wani shafin bin sawun jirage, sai ga ɗan jirgi yana tafe a saman Chadi.

Na ce, "Baba, ku shirya, sun kusa." Bai ko tambaye ni ba. Aka ɗora girki, aka ɗauki shatar mota, muka kama hanyar Katsina. Muna tsaye a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua, ina kallo a waya jirgin ya ƙi sauka, ya miƙe yamma. Baba mai hawan jini ne. Ya yi shiru, carbi na rawa a hannunsa. Sai bayan magariba Inna ta ari waya ta kira: suna nan Jidda, an ɗage tashinsu.

Daga baya na bincika. Ashe ba lambar da ke jikinsa jirgi ke aikowa ba, wato irin mai farawa da 5N ta Najeriya, 5U ta Nijar ko HZ ta Saudiyya. Na'urarsa wata lamba ta daban take watsawa, mai gurbi shida, tare da inda yake. Shafin ne ke duba kundinsa ya liƙa mata suna. In an sayar da jirgi ko an sake masa rajista ba a gyara kundin ba, ko an shigar da lambar ba daidai ba, sai wani jirgin ya fito da sunan wani. Jirgin mutane na yi ta bi ranar.

Kuɗin motar bai dame ni kamar shirun Baba ba. Ya yarda da ni ne saboda karatuna, ni kuwa na yarda da abin da ban san yadda yake aiki ba.

'Yan uwa, mun kusa fita da difloma, kuma a gida maganarmu za a ɗauka. Yanzu in an miƙo min waya, nakan ce, "Ga abin da ta nuna, amma bari mu kira mu ji."