Delft: Garin Da Ya Nemi Ilimi Cikin Taɓo

Daga Rotadam zuwa Delft, a ƙasar Holan, tafiyar kamar minti 15 ce a jirgin ƙasa. Baƙi kan je ne domin tangaran mai zanen shuɗi da garin ya yi suna a kansa, da magudanan ruwan da suka ratsa unguwanninsa. Ni kuwa abin da ke kwance a ƙarƙashin ruwan ne ya kai ni: baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Na fara da tsohuwar majami'ar garin mai karkatacciyar hasumiya, inda kabarin Antoni van Leeuwenhoek yake. Mai sayar da yadi ne da ya haɗa gilasan ƙara gani da hannunsa, har ya ga ƙwayoyin bakteriya a 1676. A 1895 kuma Martinus Beijerinck ya bayyana ƙwayar da ya ware daga taɓon magudanan nan, wadda ke haddasa wancan wari. Tana rayuwa inda babu iska, tana mai da sinadarin salfet zuwa salfayid. A 1934 wasu masana biyu 'yan Holan suka danganta ire-irenta da cinyewar bututun ƙarfe da aka binne a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Kafin ya zama farfesa, Beijerinck ya yi shekara goma a masana'antar yis ta garin, wadda daga baya ta ƙware wajen haɗa maganin fenisilin. Ke nan a gari ɗaya aka koyi kiwon ƙwayar da ke kumbura burodi, aka kuma gano wadda ke huda ƙarfe. Tsakanin waɗannan biyu injiniyan sinadarai mai wannan fanni yake ƙare rayuwarsa.

Ina tsaye kan wata gada sai na tuna bututun ɗanyen mai da ya taso daga yankin Neja Dalta zuwa matatar Kaduna, ɗaruruwan kilomita a binne. In ya yi yoyo, mun saba ɗora laifin kan masu fasa shi. Ba kasafai muke tambayar abin da ke cin sa a ɓoye ba. Ɗalibinmu na Zariya ko Kano da ya tashi yana ganin yadda ake daddawa da kindirmo ya riga ya san aikin ƙwayoyin nan. Abin da ya rage a ba shi ɗakin gwaji, da albashin da zai zaunar da shi a ciki.